Da Sauƙi

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a ƙasar Hausa ya san yadda gaisuwar take. Mai dubiya zai ce, "Yaya jiki?" Majinyaci kuwa, ko da numfashinsa da ƙyar yake fita, amsa ɗaya ce a bakinsa: "Da sauƙi." Mun yi shekaru muna kawo wa ɗalibai wannan gaisuwa a darasin adabin baka, muna nuna musu cewa tana cikin kyawawan ɗabi'un Bahaushe, domin tana ɗauke da haƙuri da kyautata zato da kuma ƙin ɗora wa baƙo nauyin damuwar da ba tasa ba. Ba mu taɓa kawowa a rai cewa wata rana wannan 'yar amsa za ta jawo wa mahaifiyarmu kwanaki na azaba ba, kuma ta bakinmu.

A farkon shekarar 2019 ne muka ɗauko Inna daga gida muka kawo ta nan Kudu inda muke aiki, saboda ciwon daji na mama da ya daɗe yana cin ta a ɓoye. Kafin ta yarda ta faɗa wa kowa, ciwon ya riga ya yaɗu ya sauka a ƙashin baya da na ƙugu. Likitoci ba su rufe mu ba. Sun ce batun warkewa ya wuce, abin da ya rage shi ne a sassauta mata. Da yake Inna ba ta jin Turanci balle Yarabanci, likitan kuma ba ya jin Hausa, sai aikin tafinta ya faɗo kanmu. Muka karɓa da ƙarfin gwiwa, muna ganin ai harshe gonarmu ce, kuma wanda ya yi digiri na uku a kan adabi ba zai kasa isar da maganar uwarsa ba.

Kowace safiya likita zai zo zagaye, ya tsaya a bakin gado ya yi tambaya. Mu juya mu ce, "Inna, likita yana tambayar jiki." Ta gyara lulluɓi ta ce, "Ka ce masa da sauƙi, an gode." Mu kuma mu shaida wa likita cewa ta ce jiki ya yi sauƙi. Shi kuwa bawan Allah ya rubuta a katinta, ya bar ta a kan farasitamol da wani ɗan magani da aka fara ba ta tun ranar farko. Haka muka yi kwana goma sha ɗaya. Da dare muna ganin ta tana damƙe ƙarfen gado har jijiyoyin hannunta su fito, gumi yana keto mata, leɓɓanta suna motsi da salati, amma ko tari ba ta yi. Mace ce da ta haifi 'ya'ya tara a ɗakinta ba tare da wani ya ji muryarta daga tsakar gida ba, kuma tana cikin masu ganin raki abin gori ne har ga jikoki.

Wadda ta warware mana wannan ƙulli wata nas ce, Bayarabiya, wadda aka haifa a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Ranar da aka sauya ta zuwa ɗakinmu, ba ta tambayi jiki ba. Ta zauna a gefen gado ta ce, "Mama, jiya kin samu barci?" Inna ta yi shiru, can ta ce, "Rabona da barci na manta, 'yar nan." Ta ce, "Salla fa, a zaune ko a kwance?" Inna ta ce, "A kwance, ko juyawa gabas sai an juya ni." Ta ce, "Ciwon yaya yake yi miki, suka yake ko ƙuna?" Nan Inna ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa mana ba, cewa ji take kamar ana daka mata ƙugu a turmi dare da rana. Da muka fito baranda, nas ɗin ta dube mu ta ce, "Haba Malam, kai ma ka san 'da sauƙi' gaisuwa ce. Ya za ka kai wa likita gaisuwa a matsayin labarin jiki?" Ba mu da amsa. Mun fassara kalma daidai, mun bar ma'ana a baya, kuskuren da muke jan jan biro a kansa a takardun 'yan aji ɗaya.

Abin mamaki shi ne Hausa ba ta da talaucin kalmomin ciwo. Akwai zafi, akwai raɗaɗi, akwai zogi. Kai yana sara, ciki yana murɗa, haƙarƙari yana suka, gaɓoɓi suna tsami, tafin ƙafa yana ƙuna. Daga baya muka gane cewa waɗannan bambance-bambance su ne likita yake nema, domin ciwon da ya taso daga jijiya, mai ƙuna ko fizga kamar wutar lantarki, maganinsa daban yake da na ciwon da ya taso daga ƙashi. Likitoci suna da ma'aunin da suke tambayar majinyaci ya kimanta ciwonsa daga 0 zuwa 10, amma tsohuwar da ta tashi a kan cewa faɗin ciwo rashin godiya ne ba za ta taɓa kiran 10 ba. Sai an bi ta hanyar barci da ci da salla da tafiya kafin gaskiya ta fito. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, to amma sai mai wankan ya san yadda zai sa a tuɓe.

Washegari aka kira likitan da ke kula da masu ciwon da ba ya warkewa. Bayan ya duba ta, ya rubuta mata mofin na ruwa, wanda ake sha da baki, ƙaramin awo, duk bayan awa huɗu. Jin sunan maganin kawai ya sa gabanmu ya faɗi. A nan ne muka tafka kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni domin da saninmu muka yi shi.

Tsoronmu yana da tushe. A watan Mayu na 2018, bayan wani rahoton bincike na BBC ya nuna yadda maganin tari mai kodin ke lalata matasa, Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da shi da kuma sarrafa shi a cikin ƙasa. A farkon 2019 kuma aka fitar da sakamakon binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 a Nijeriya suna shan magunguna dangin mofin, irin su tiramadol da kodin, ba bisa umarnin likita ba. Mu kuwa ba a jarida kaɗai muka karanta wannan ba. A cikin gidanmu akwai ɗan yayarmu, saurayi ɗan shekara ashirin da uku, wanda ya fara shan tiramadol lokacin da yake acaba don ya jure aikin yini, har ya kai ga ƙwaya mai awo 225 da ake sayarwa a bayan fage, alhali awon da hukuma ta amince da shi 50 ne da 100. Sau biyu yana faɗuwa yana farfaɗiya a bakin titi. Mun ɗauko shi ne don mu raba shi da abokai, yana watansa na bakwai da dainawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Saboda haka da aka sallame mu muka dawo gida da kwalbar, sai muka yanke wa kanmu hukunci cewa ba za mu ba Inna ba sai in ciwo ya yi tsanani ta nema da bakinta. Muna ganin muna kare ta daga zama 'yar ƙwaya da tsufanta, muna kuma jin abin da mutane ke faɗa cewa duk wanda aka fara ba mofin to an sallama shi ne. Mun manta wace ce Inna. Ba ta nema ba ko sau ɗaya. Da muka koma asibiti bayan mako guda, likita ya ɗaga kwalbar ya ga kusan a cike take, ya dubi Inna da ta ƙara zabgewa, sannan ya ja mu gefe.

Bai yi mana faɗa ba, bayani ya yi, kuma muna ganin bayanin ya cancanci a rubuta shi da Hausa. Ya ce tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa tsarin magance raɗaɗin ciwon daji a matsayin tsani mai hawa uku. Hawa na farko magunguna ne irin su farasitamol da asfirin. In ba su isa ba a hau na biyu, wato masu matsakaicin ƙarfi irin su kodin. In su ma sun gaza a hau na uku, inda mofin yake. Tsarin ya ce a ba da magani ta baki muddin majinyaci zai iya haɗiya, kuma a ba da shi bisa agogo, kada a jira ciwo ya dawo. Dalili shi ne ƙarfin mofin na ruwa yana gushewa daga jiki cikin kimanin awa huɗu, kuma ciwon da aka bari ya tashi ya miƙe ya fi wuyar kwantarwa, har yakan buƙaci awo mafi yawa. Ya ce da mu, "Malam, ai ba ka jiran wuta ta kama rufi kafin ka ɗebo ruwa."

Sa'an nan ya rarrabe mana abubuwa uku da muka cakuɗa. Na ɗaya, jiki yakan saba da magani har awon da yake yi masa aiki a da ya rage tasiri. Na biyu, jiki yakan dogara da shi, ta yadda in aka tsayar rana ɗaya mutum zai ji gumi da ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin sukuni, shi ya sa ake rage shi sannu a hankali in za a daina. Waɗannan biyun halin jiki ne, kuma likita ya san yadda zai bi da su. Na uku shi ne jaraba, wato mutum ya riƙa neman magani don wani abin da ba ciwo ba, yana ƙarya da sata a kansa, yana ci gaba da sha duk da ya ga yana hallaka shi. Wannan ita ce cutar ɗan yayarmu. Inna kuwa barci take nema da ikon juyawa ta fuskanci gabas. Game da cewa mofin yana gaggauta ajali, ya ce mutane sun ɗauki haka ne saboda a asibitocinmu ba a cika ba da shi ba sai rai ya zo gargara, sai a ɗora wa magani laifin cuta.

Bai ɓoye mana haɗarinsa ba. Ya ce kusan duk mai shan mofin zai sami taurin bayan gida, don haka tare da maganin sakin ciki ake fara shi. Tashin zuciya da gyangyaɗi sukan zo a kwanakin farko su wuce. Babban haɗari shi ne in awo ya yi yawa numfashi yakan ragu, musamman in an haɗa shi da giya ko maganin barci, ko kuma ƙoda ta yi rauni. Ya ce in muka ga tana barcin da ba a iya tashin ta, numfashi ya yi nisa da juna, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, to mu garzayo asibiti, akwai allurar nalokson da ke karya ƙarfinsa. Ya gindaya mana sharuɗɗa: likita ɗaya ne zai riƙa rubutawa, wuri ɗaya za mu riƙa karɓa, da sirinji za mu riƙa aunawa ba da cokalin shayi ba, za mu buɗe littafi mu riƙa rubuta lokaci da awo, ba za mu ƙara ko mu rage ba sai mun tuntuɓe shi, ba za mu sam wa kowa ba ko da ciwonsa ya yi kama da nata, kuma kwalbar za ta zauna a kulle.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi yi mana nauyi, saboda yaron da ke gidan. Muka sayo ƙaramin akwatin ƙarfe, muka rataya makullin a wuya cikin riga, muna kaffa-kaffa kada ya gani ya ce mun mai da shi ɓarawo. Ashe ya gani. Wata rana da daddare muna auna magani, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kawu, ka daina ɓoye makullin nan kamar abin kunya. Ka kulle, kuma kada ka taɓa aike na da shi, ko da ni na roƙe ka." Daga ranar muka daina jin nauyin kullewa. Shi ne ma ya zama mai tashin mu in lokacin awon asuba ya yi, ya tsaya daga nesa har mu gama.

Cikin kwana uku Inna ta yi barcin da ya kai awa shida. A mako na biyu ta zauna ta yi salla, ta nemi fura, ta soma yi wa matarmu gyara a kan yadda ake kaɗa miyar kuka. Da zogi ya lafa sai sauran damuwoyin suka samu hanyar fita. Ta ce tana tsoron a binne ta a ƙasar da ba ta san kowa ba, tana kuma jin nauyin kuɗin da muke kashewa. Wata likita 'yar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967, ta koyar da cewa raɗaɗin mai cutar ajali dunƙulalle ne, ya haɗa na jiki da na zuciya da na iyali da na ruhi. Mun ga wannan da idonmu. Amma mun kuma ga cewa sai da aka kwantar da na jiki kafin Inna ta iya buɗe baki a kan sauran.

Bayan haka muka shiga karance-karance, kamar yadda malami yakan yi in abu ya dame shi. Mofin tsohon magani ne. Wani Bajamushe mai harhaɗa magunguna, Friedrich Sertürner, shi ya tace shi daga ƙaron ofiyom a farkon ƙarni na 19, ya raɗa masa suna daga gunkin mafarki na Girkawa. Ba shi da tsada, amma duk da haka wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafiya talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na irin wannan magani da ake rarrabawa. Uganda ta nuna cewa ana iya gyara. Likita Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a can a 1993, aka riƙa haɗa mofin na ruwa mai araha daga gari, kuma a 2004 ƙasar ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi, don ya kai ga mutanen ƙauye inda babu likita.

Amurka kuwa ta faɗa ɗaya ramin. A 1980 wata mujallar likitanci ta buga 'yar gajeriyar wasiƙa da ke cewa jaraba ba ta cika kama majinyatan da aka ba irin waɗannan magunguna a gadon asibiti ba. Sai aka riƙa kafa hujja da ita a kan masu shan magani a gida wata da watanni, abin da wasiƙar ba ta bincika ba. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, ya tallata shi a matsayin mai ƙarancin haɗari, aka yi ta rubuta shi ga masu ciwon baya da ciwon gaɓoɓi. Kamfanin ya amsa laifi a gaban kotu a 2007, ya sake amsawa a 2020. A shekarar 2021 kaɗai sama da mutum 80,000 suka mutu a ƙasar ta hanyar magunguna dangin mofin, akasarinsu ta fentanil na bayan fage. Da hukumomin lafiyarsu suka fitar da ƙa'idojin taƙaitawa a 2016, wasu likitoci suka tsorata suka yanke wa majinyata magani farat ɗaya, wannan ma ya yi ɓarna, har aka sake fasalin ƙa'idojin a 2022. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, amma kada garin shafa ruwa ka nutsar da kanka.

Darasin Amurka ya iso kanmu bayan shekara biyu, lokacin da zaman duba takardun jarrabawa ya haifar mana da ciwon baya da ya wuce wata uku, wato ya shiga sahun abin da likitoci ke kira daɗaɗɗen ciwo. Muka je wurin wannan likita dai, muna tsammanin wanda ya buɗe wa Inna hannu ba zai hana mu tiramadol ba. Ya hana. Ya ce ciwon Inna da namu ba ɗaya ba ne. Ya kawo mana wani bincike da aka buga a Amurka a 2018, inda aka bi majinyata 240 masu ciwon baya ko na gwiwa ko na ƙugu har shekara guda, aka tarar waɗanda aka ba dangin mofin ba su fi waɗanda aka ba magungunan yau da kullum samun ƙarfin jiki ba, sai ma ƙarin illa. Ya tura mu sashen gashi da motsa jiki, ya ce mu riƙa tafiya da ƙafa, mu rage tumbi, mu tashi daga kujera duk bayan rabin awa. Mun fito muna gunaguni. Yau ciwon bai rabu da mu kwata-kwata ba, amma ba ya hana mu aji. Sai daga baya muka gane cewa dalilin da ya sa ya ba Inna shi ne ya sa ya hana mu, wato duba mutum da irin ciwonsa kafin a duba kwalba.

Inna ta samu abin da ta roƙa. Bayan azumin wannan shekara muka mai da ita gida, da littafin awo da akwatin ƙarfe da takardar likita zuwa ga wani likitan a can. Ta halarci sunan jikarta a zaune a kan tabarma, ta sallami waɗanda take bi bashi, ta nemi gafarar kishiyarta. Ta rasu da sanyin hunturu a ɗakinta, hankalinta a jikinta har daren ƙarshe. Abin da ya rage a kwalba muka mayar wa asibiti, aka rubuta aka sa hannu. Har yau in muka tuna kwana goma sha ɗayan farko da makon da ya biyo baya, sai mu ji wani abu ya tokare mana ƙirji, domin waɗannan kwanaki ba cuta ce kaɗai ta ci su ba, da hannunmu a ciki.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla, musamman ɗalibanmu da ke zaune nan Kudu, wata rana su ne za su tsaya tsakanin tsohuwa da likita a matsayin tafinta. In ranar ta zo, ku karɓi "da sauƙi" da ladabi kamar yadda aka koya muku, ku amsa da "Allah ya ƙara sauƙi." Sa'an nan ku matsa kusa ku tambayi barci, ku tambayi ci, ku tambayi salla, ku kai wa likita abin da kuka ji ba ragi. In ya rubuta magani mai ƙarfi, ku tambaye shi dalili da awo da alamun haɗari, ku bayar a kan lokaci, ku kulle sauran. In kuma ya hana, kada ku zarce kemis. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.